HASKE SHI NE JARIN MAI HOTO: BAYANI A KAN ƘOFAR KAMARA DA GIRMAN ALLONTA

(Laccar da aka gabatar a wajen babban taron shekara-shekara na ƙungiya)

  



GABATARWA

Kwamitin mujallarmu ne ya nemi in yi wannan bayani, dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kowace shekara 'ya'yan garin nan kan aiko da hotuna domin a buga: na naɗin sarauta, na saukar karatu, na aikin gayya, da na dattawan da suka rage mana. Idan aka zo zaɓe, sai a tarar yawancin waɗanda aka ɗauka a cikin zaure ko bayan magariba ba su buguwa. A fuskar waya sun yi kyau, amma da zarar an faɗaɗa su zuwa girman shafi sai fuska ta koma yashi-yashi, rawani da bango su haɗe. Hoton biki in ya lalace, wani bikin na tafe. Hoton dattijo mai shekara 90 kuwa, ba kullum ake samun damar sakewa ba.

Mai waya yakan ce, "Ai megafiksel 50 ce, kuma da tsada na saye ta." Abin da nake son mu fahimta a yau shi ne, kyawun hoto ya rataya ne a kan yawan hasken da kamara ta tattara, shi kuwa yawan hasken abubuwa uku ne ke yanke masa hukunci: faɗin ƙofar da ya bi ya shiga, tsawon lokacin da ƙofar ta yi a buɗe, da girman allon da ya sauka a kai.

ASALIN MAGANAR

Hoto haske ne da ya bugi abu ya dawo, aka kama shi aka adana. Malamin da ya kafa wannan ilimi a kan hujjar gwaji shi ne Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A cikin littafinsa Kitabul Manazir ya tabbatar da cewa gani na samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, saɓanin ra'ayin wasu magabata masu cewa ido ne ke fitar da haske. Ya kuma yi gwaje-gwaje da ɗaki mai duhu wanda aka huda wa 'yar kafa. A irin wannan ɗaki, surar abin da ke waje takan bayyana a bangon ciki, kai a ƙasa. Ita kanta kalmar kamara daga harshen Latin take, ma'anarta ɗaki.

Ɗakin nan yana da wata matsala. In kafar ta yi ƙanƙanta, surar takan fito daidai amma dishi-dishi don ƙarancin haske. In aka faɗaɗa ta, haske ya ƙaru amma surar ta dagule. Gilashin da ake sakawa a gaban kamara shi ya raba wannan gardama, domin yana karɓar haske ta ƙofa mai faɗi, sannan ya tanƙwara shi ya tara a wuri ɗaya.

Tun daga nan tarihin hoto ya zama tarihin neman haske. Hoton da ya fi kowane daɗewa cikin waɗanda aka ɗauka da kamara suka wanzu, wani Bafaranshe mai suna Niepce ne ya ɗauke shi daga tagar gidansa a 1826 ko 1827, kuma sai da kamarar ta yi aƙalla awa takwas a buɗe. A 1839 aka bayyana hanyar Daguerre a Faransa, wadda ta rage lokacin zuwa mintoci. A 1840 wani malamin lissafi a Viyana, Joseph Petzval, ya tsara gilashin da ke shigar da haske fiye da ninki goma na wanda ake amfani da shi a lokacin. Da wannan gilashi, tare da gyaran sinadarai, mutum ya iya zama a ɗauke shi hoto cikin ƙasa da minti ɗaya.

Mu da muka girma a zamanin fim mun san yadda ake kai shi a wanke. A yau wani ɗan allo na lantarki ne ya maye gurbinsa, wanda masu sana'a ke kira sensa. A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro tushensa a Amurka, aka ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kamarar da ba ta buƙatar fim, mai ɗigo 10,000 kacal, wadda ke ɗaukar sakan 23 kafin ta adana hoto guda a kaset. Kayan aiki sun sauya, amma dokar haske tana nan yadda Allah ya tsara ta.

MISALI DA TARAR RUWAN SAMA

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tarar ruwan sama. A ce hadari ya sauko, maƙwabta biyu suka fitar da mazubi tsakar gida: ɗaya ta ajiye gwangwanin madara, ɗaya ta ajiye babban baho. Bayan an ɗauke ruwa, in aka tsoma tsinke a cikin kowanne, za a tarar zurfin ruwan kusan ɗaya ne, tun da ruwa ɗaya aka yi musu. Amma mai baho za ta yi wanki, mai gwangwani ko alwala ba za ta samu ba.

Haka lamarin kamara yake. Ƙarfin ruwan shi ne aikin ƙofar haske. Daɗewar ruwan ita ce lokacin da marufin kamara ya yi a buɗe. Faɗin mazubin shi ne girman allo. Zurfin ruwa shi ke nuna ko hoto zai yi haske ko duhu, amma yawan ruwan da aka tara gaba ɗaya shi ke nuna ko hoton zai fito tas ko yashi-yashi. Ku riƙe wannan bambanci na zurfi da yawa, don a kansa sauran bayanin ya ginu.

ƘOFAR HASKE DA LAMBOBINTA

A cikin gilashin babbar kamara akwai wasu siraran faifai da ke tsukewa da buɗewa, kamar yadda kafar da ke tsakiyar baƙin idonmu take yi. Ta ɗan Adam kan tsuke zuwa kimanin milimita 2 a tsakar rana, ta buɗe zuwa 7 ko 8 a cikin duhu ga matashi. Da tsufa ya kama, buɗewar takan ragu, shi ya sa mu dattawa muke neman a ƙaro fitila alhali jikokinmu na karatu lafiya lau.

Ana auna wannan ƙofa da wata lamba mai harafin f, kamar f/2 ko f/8. Lissafin raba-wa ne irin na aji biyar. Kowane gilashi yana da tazararsa, wato nisan da ke tsakaninsa da inda yake tara haske, kamar yadda yara kan ɗaga gilashi a rana har sai hasken ya taru a ɗigo ɗaya ya ƙona takarda. In aka raba wannan tazara da lambar f, sai a sami faɗin ƙofar. Gilashi mai tazarar milimita 50 a kan f/2, faɗin ƙofarsa milimita 25 ne. A kan f/4 kuwa, milimita 12.5 ne. Ke nan ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kamar yadda rabin tuwo ya fi rubu'insa ko da yake huɗu ta fi biyu.

Abu na biyu shi ne, haske yana bin filin ƙofar ne gaba ɗaya. In aka ninka faɗin da'ira sau biyu, filinta yakan ninku sau huɗu. Saboda haka f/2 tana shigar da haske ninki huɗu na f/4, ninki 16 na f/8. Wannan ne asalin jerin lambobin da ake gani a jikin gilashi: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Duk taki ɗaya da aka yi gaba, an rage rabin haske; duk taki ɗaya baya, an ninka shi.

Ga amfaninsa a aikace. Gilashin da aka saba haɗawa da kamara a kwali, mai tazarar 18 zuwa 55, in an jawo shi ƙarshe ba ya wuce f/5.6. Gilashi mai tazarar 50 da f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a wajen manyan kamfanonin kamara, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Hoton da na farko zai buƙaci kashi ɗaya cikin goma na sakan, na biyu zai ɗauke shi a kashi ɗaya cikin ɗari, kafin hannu ya yi rawa ko yaro ya juya kai. Har ila yau, kamfanin Zeiss na Jamus ya taɓa ƙera wa hukumar NASA gilashi mai f/0.7, wanda mai shirya fim Stanley Kubrick ya yi amfani da irinsa ya ɗauki wasu sassan fim ɗinsa Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir.

Wannan doka ita ce ke aiki a madubin hangen nesa. Na hannu mai bakin milimita 50, irin wanda wasu ke duban jinjirin wata da shi, yana tattara haske kusan sau 50 na idon da ya buɗe milimita 7. Madubin Hubble da aka harba sararin samaniya a 1990 faɗinsa mita 2.4 ne, na James Webb da aka harba a Disamban 2021 kuwa mita 6.5, yana tattara haske kimanin ninki shida na Hubble.

GIRMAN ALLO

Ma'aunin da ake kwatanta kowane allo da shi daga fim ya samo asali. Oskar Barnack na kamfanin Leitz a Jamus shi ya ɗauki fim ɗin silima ya yi masa gurbi mai milimita 36 a tsawo, 24 a faɗi, aka fitar da kamarar Leica kasuwa a 1925. Allon da ya kai wannan girma shi ake kira cikakke, filinsa milimita murabba'i 864. Na ƙasa da shi filinsa tsakanin 330 da 370 ne. Tsarin da Olympus da Panasonic suka fitar a 2008 yana da kimanin 225. Wanda ake ce wa mai inci ɗaya, alhali bai kai inci ba, yana da 116. Allon wayoyi da yawa masu matsakaicin kuɗi kuwa bai wuce milimita 5.6 da 4.2 ba, wato kimanin 24, ko farcen ƙaramin yatsa bai kai ba.

Yanzu mu koma ga maƙwabtan nan biyu. Waya tana iya ɗauke da rubutun f/1.8, babbar kamara ma f/1.8. Ƙarfin ruwan ɗaya ne, zurfinsa ɗaya, don haka hotunan biyu za su yi haske daidai da juna. Amma in aka raba 864 da 24, za a ga cewa cikakken allo ya tara haske kusan ninki 36.

Ana iya bin lissafin ta ɓangaren ƙofa a iso wuri ɗaya. Tazarar gilashin irin wannan waya kimanin milimita 4.2 ce. A raba da 1.8, ƙofarta milimita 2.3 ke nan, kamar ƙwayar gero. Babbar kamara, don ta ɗauko fili iri ɗaya, tana buƙatar gilashi mai tazarar 26, wanda ƙofarsa a f/1.8 ta haura milimita 14. Faɗin ya ninka sau shida da 'yan kai, shida sau shida kuwa 36. Ashe babban allo yana cin riba ne domin yana tafiya da babban gilashi mai babbar ƙofa. Wanda ya karanta lambar f kaɗai a jikin kwali bai tambayi girman allo ba, rabin labari ya ji.

DAGA INA YASHI-YASHI KE ZUWA?

Haske ba ya kwarara kamar mai. Ƙwaya-ƙwaya yake sauka, kuma saukarsa ba a jere take ba. Ku dubi dandamalin siminti a farkon yayyafi: nan ɗigo uku, can ɗaya, can babu. In ruwa ya kankama sai ko'ina ya jiƙe bai ɗaya. Masana sun auna wannan rashin daidaito. Inda ake sa ran ƙwaya 100, abin da ke sauka kan yi sama ko ƙasa da kimanin 10, wato kashi goma cikin ɗari. Inda ake sa ran 10,000, bambancin kimanin 100 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Duk lokacin da aka ninka haske sau huɗu, yashi-yashi yakan ragu da rabi.

Idan haske ya yi ƙaranci, kamara takan ɗaga wata lamba da ake kira ISO don hoto ya yi haske. Wannan daidai yake da ƙara muryar rediyo lokacin da tashar gajeren zango ke shigowa da rauni: maganar ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Ba ta ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da aka tara ba.

Nan ne kuma maganar megafiksel ta shigo. Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne, adadin yana nuna gida nawa aka yanka allon ne kawai. Gona ɗaya in aka raba ta ga magada 12 ko 50, girmanta bai ƙaru ba, kason kowa ne ya ragu. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Su kansu kamfanonin sun san haka, shi ya sa waya mai megafiksel 48 takan haɗe ɗigo huɗu-huɗu ta ba da hoto mai 12. Samsung Galaxy S20 Ultra ta 2020, mai 108, tana haɗe tara-tara ne ta koma 12. Yawan ɗigo yana da amfani da rana tsaka in ana son ƙananan bayanai, amma megafiksel 12 sun wadatar a cika shafin mujallar nan.

KOWACE RIBA DA KUƊINTA

Kada wani ya fita daga nan ya ce a buɗe ƙofa iyakarta a kowane hali. Ƙofa mai faɗi tana rage zurfin wurin da ke fita sarai. In aka jera 'yan kwamiti sahu uku aka ɗauke su da babbar kamara a f/1.8, sahun gaba zai fito, na baya ya yi buji-buji. Irin wannan hoto yana son f/5.6 ko f/8, wanda ke nufin dole a nemo haske ta wata hanya. A nan ƙaramin allo yana da tasa fa'idar, domin f/1.8 ta waya, wajen zurfi da jimlar haske, daidai take da kimanin f/11 a cikakken allo, shi ya sa kusan komai kan fito sarai a hoton waya.

Tsawaita lokaci ma yana da nasa kuɗin. Duk abin da ya motsa marufi na buɗe, zai bar jirwaye. Dokin da ke sukuwa a hawan Salla yana buƙatar kashi ɗaya cikin 500 ko cikin 1,000 na sakan, abin da ke yiwuwa cikin sauƙi da rana, ya gagara da almuru. Dabarar da wayoyi suka shigo da ita, kamar tsarin dare na Google a 2018 da na Apple a 2019, ita ce ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin 'yan sakanni a haɗe su wuri ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika. Sharaɗin dai shi ne mai ɗauka da wanda ake ɗauka su natsu, kamar yadda masu hoton da can kan ce, "Kada ka motsa."

SHAWARWARI

Na farko, kuma mafi girma: a kai mutum inda haske yake. Hasken rana tsaka yakan kai ma'auni 100,000 a awon da ake kira laks, ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya kuwa sau da yawa bai kai 100 ba. Inuwar rumfa ko ta bango da hantsi tana iya ninka hasken irin wannan ɗaki sau ɗari. Ke nan wanda ya roƙi Baba ya fito ƙofar zaure da safe ya sami ribar da ta fi ta wanda ya sayi babbar kamara ya tsaya a cikin duhu, kuma ko sisi bai kashe ba.

Na biyu, in ba makawa sai da dare, a matso da fitila. Rage rabin nisan fitila yana ninka haskenta a fuska sau huɗu. Filashar waya ba ta wuce 'yan taku kaɗan.

Na uku, a daina jawo hoto da yatsu. In wayar ba ta da gilashin nesa na musamman, jawowa ninki biyu yana nufin an yi aiki da rubu'in allon, an watsar da sauran. A taka da ƙafa a matsa. A kuma yi amfani da babbar kamarar baya, domin ita ce galibi mai allo mafi girma.

Na huɗu, farar babbar riga takan ruɗi kamara ta rage haske, fuskar da ke ƙarƙashin inuwar rawani ta nutse. A sa mutum ya fuskanci inda haske ke fitowa, a taɓa fuskarsa a jikin wayar kafin a danna. A goge gilashi, musamman lokacin hunturu, a jingina hannu a kan wani abu.

Na biyar, mai niyyar sayen waya ko kamara ya tambayi girman allo da lambar f tare, kafin ya tambayi megafiksel. In ƙungiya ta sami hali, ina ba da shawarar ta tanadi kamara ɗaya mai matsakaicin allo, da gilashi mai f/1.8, da mazauni mai ƙafa uku, a damƙa su ga matasa biyu da za a koya wa aikin, su bi unguwa-unguwa su ɗauki dattawanmu da tsofaffin gine-ginenmu, a rubuta suna da kwanan wata a kan kowane hoto. Masu aiko da hotuna kuma su aiko da su a matsayin fayil, domin WhatsApp yakan matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba.

KAMMALAWA

Jama'a, mun ga cewa ƙofa tana ƙayyade ƙarfin hasken da ke shiga, lokaci yana ƙayyade daɗewarsa, girman allo kuma yana ƙayyade jimlar abin da aka tara. Yawancinku gobe ko jibi za ku kama hanyar komawa wuraren aikinku. Ina roƙon kowa, kafin ya tafi, ya ware rabin awa da hantsi ya ɗauki iyayensa da kakanninsa a wuri mai haske, ya miƙa wa kwamitin mujalla kwafi ɗaya. Jikokin da aka haifa a birni suna da haƙƙin su san fuskokin waɗanda suka kafa garin nan.